Tambayoyi da Amsoshi Kan Ceto Rumbun Bayanai Bayan Faifan Ajiya Ya Lalace

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu kula da kwamfutocin makarantu, shagunan magani, ƙananan asibitoci da kamfanoni, a ranar da aka wayi gari manhajar da ake aiki da ita ta ƙi buɗewa, faifan ajiya kuma, wato had dis a bakin masu gyara, ya fara nuna alamun mutuwa. An fara da abin da ya wajaba a sa'ar farko, sannan aka shiga bayanin kowane irin rumbun bayanai, wato inda manhaja take tara bayanan da ake shigarwa.

Kwamfutar da rumbun bayananmu yake ciki ta fara wata ƙara, manhaja kuma ta ƙi buɗewa. Mene ne abu na farko da zan yi?

Ka kashe ta, kada ka sake kunnawa. A cikin faifan akwai farantai da suke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata allurar karatu da take shawagi a kansu ba tare da ta taɓa su ba. Ƙarar ƙas-ƙas da ake ji tana maimaituwa, galibi allurar ce ta kasa gano inda take, tana komawa gefe tana sake fitowa. Idan ta riga ta taɓa farantin, duk juyin da ya yi yana ƙara kankare fatar da bayanai suke a kanta, abin da aka kankare kuwa babu ƙwararren da zai dawo da shi.

Yawancin ɓarnar da na gani ba a lokacin da faifan ya fara ciwo ta auku ba, a sa'o'in da suka biyo baya ne, lokacin da kowa a ofis yake kawo tasa dabarar: wannan ya ce a kashe a kunna, wancan ya ce a sake ɗora manhajar. Ka rubuta saƙon kuskuren da ya fito harafi da harafi ko ka ɗauki hotonsa da waya, ka rubuta lokacin da abin ya faru da aikin ƙarshe da aka shigar, domin za ka buƙace su idan aka zo tantance abin da ya ɓace.

Ta yaya zan gane ko faifan ne ya lalace, ko kuwa rumbun ne kawai ya rikice?

Idan akwai ƙara, ko kwamfuta ta daina ganin faifan baki ɗaya, ko ta nuna girmansa ba daidai ba, an wuce batun gwaji. Duba amsar da ta yi magana kan kai faifai wurin ƙwararru. Idan kuwa yana juyawa shiru amma aiki ya yi nauyi, sai a karanta rahoton lafiyar da faifan yake ajiyewa game da kansa, wanda ake kira SMART, da manhaja irin su CrystalDiskInfo a Windows ko smartctl a Linux. Lambobi uku ne suka fi muhimmanci: lamba 5, wadda take ƙirga gurabu, wato ƙananan sassan ajiya na faifan, da suka mutu aka musanya su, da lamba 197, wadda take ƙirga waɗanda aka kasa karantawa ana jiran hukunci a kansu, da lamba 198, wadda take ƙirga waɗanda aka kasa gyara kuskurensu. Duk wadda ta haura sifili a cikinsu, musamman idan tana ƙaruwa, faifan ba abin amincewa ba ne.

Sai dai rahoton yana iya cewa lafiya lau alhali faifan yana gab da mutuwa. Haka kuma ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu, ko ƙwaƙwalwar kwamfuta mai matsala, suna iya rikita rumbu ba tare da faifan ya samu ko ƙwarzane ba. Ko wanne ne daga ciki, matakin gaba ɗaya ne, wato ɗaukar kwafi kafin a taɓa komai.

Me ya sa ɗan ƙaramin wuri da ya lalace yake hana dukan rumbun buɗewa?

Rumbun bayanai yana adana komai a shafuka masu girma ɗaya: kilobait 16 a InnoDB na MySQL da MariaDB, kilobait 8 a PostgreSQL da SQL Server, kilobait 4 a yawancin fayilolin SQLite. Gurbi guda a faifai kuwa bait 512 ne ko 4,096. Idan gurbi ɗaya ya mutu, shafin da yake ɗauke da shi ya tashi aiki, sai tambayar ta koma: wane shafi ne? Idan na fihirisa ne, wato jerin da ake bi a yi saurin gano layi a teburin bayanai, babu asara, ana iya sake gina ta daga teburin. Idan na ainihin layukan bayanai ne, waɗannan layukan ne suka tafi. Idan kuma shafin da ke riƙe da taswirar rumbun ne, wanda ya san sunan kowane tebur da inda yake, to bayanan suna nan amma injin, wato manhajar da take sarrafa rumbun, bai san hanyar da zai bi ya kai gare su ba.

Akwai kuma kundin ma'amaloli, inda injin yake fara rubuta duk canjin da za a yi kafin ya kai shi ainihin shafi. Bayan kowace mutuwar bazata, da wannan kundin yake daidaita kansa. Idan kundin ne ya lalace, injin yakan gwammace ya ƙi tashi da ya tashi a kan ƙarya, kuma wannan ƙin tashin kariya ce, ba taurin kai ba.

An ce in gudanar da chkdsk, wani kuma ya ce in sa faifan a firiza. Shin waɗannan suna taimakawa?

A kan faifan da yake mutuwa, a'a. Aikin chkdsk a Windows da fsck a Linux shi ne su daidaita tsarin fayiloli, kuma suna yin haka ne ta hanyar rubutu a kan faifan, su yanke abin da ba su gane ba. Fayil ɗin rumbu yana iya fitowa daga hannunsu a gutsure, sannan ga wahalar da aka ba allurar na tsawon sa'o'i. Idan za a yi amfani da su, a yi a kan kwafi. Batun firiza kuwa tsohuwar dabara ce da take jawo raɓa a cikin faifan. Haka nan buɗe murfinsa a shago ko a ɗaki: tazarar da ke tsakanin allura da faranti ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba, balle a lokacin hunturu da ƙura take shiga ko'ina.

Yaya ake ɗaukar kwafin faifan da yake ƙin karantuwa?

Kwafin da aka saba yi, na jan folda daga nan zuwa can, yana tsayawa cak a gurbin farko da ya ƙi karantuwa, ko ya yi ta nacin karanta shi har faifan ya ƙarasa. Abin da ake buƙata shi ne kwafin faifan gaba ɗaya, gurbi bayan gurbi, kuma manhajar da aka fi dogara da ita a wannan aiki ita ce GNU ddrescue, wadda kyauta ce, tana kuma cikin SystemRescue da ake iya tayar da kwamfuta da shi daga filasha. Hikimarta ita ce takan fara kwashe wuraren da suke da lafiya da sauri, ta tsallake masu wuya, sai daga baya ta dawo musu. Ana fara zagaye na farko da ddrescue -n /dev/sdb kwafi.img taswira.map, sannan na biyu da -r3 a madadin -n, domin ta gwada wuraren da suka ƙi har sau uku. A tabbatar da sunan faifan sau biyu kafin a danna, domin wanda ya juya tushe da mazubi ya shafe bayanansa da hannunsa.

Fayil na uku, wato taswirar, shi ne abin da bai kamata a manta da shi ba. A cikinsa manhajar take rubuta inda ta karanta da inda ta kasa, saboda haka idan wuta ta ɗauke, aikin zai ci gaba daga inda ya tsaya. Na taɓa zama a gaban wani faifai mai terabait ɗaya na wani shagon magani, inda kashi 99 cikin ɗari ya kwafu kafin la'asar, ragowar ɗan abin kuma ya ci kwana biyu, lambar da ke nuna abin da aka ceto tana motsawa da ƙyar, janareta ya mutu sau biyu a tsakani. Ba don taswirar ba, da kowace mutuwa ta mayar da mu farko. Duk da haka gara a haɗa kwamfutar da inbata ko sola, a kuma sa fanka ta riƙa hura faifan.

Idan an gama, a sake kwafe kwafin, a ajiye na farko ba a taɓa shi, a yi duk gwaje-gwaje a kan na biyu. A kuma lura da wani tarko: wuraren da aka kasa karantawa suna zama sifili a cikin kwafin, don haka fayil ɗin rumbu zai fito da cikakken girmansa, ya kwafu babu ƙorafi, alhali akwai rami a cikinsa. Tambayar da ta yi magana kan tantance bayanai ta koma kan wannan.

Yaushe ya kamata in haƙura in kai faifan wurin ƙwararru?

Idan yana ƙara, ko ba ya juyawa, ko ya faɗi ƙasa, ko ruwa ko wuta sun taɓa shi, ko ddrescue ta yi sa'o'i ba ta samun komai. Masu wannan sana'a na gaskiya suna buɗe faifai ne a wurin da aka tace iskarsa, su ɗauko allura daga wani faifai irinsa su musanya. Aikin yana da tsada, kuma ba kowane mai gyaran kwamfuta ne yake da kayansa ba, saboda haka ka tambaya kai tsaye ko za a buɗe faifan, kuma a ina. Ka gaya musu gaskiyar duk abin da aka riga aka gwada, ka kuma faɗa musu sunan foldar da rumbun yake, domin su fara da ita tun faifan yana da sauran numfashi.

Muna da bakof na makon jiya. Ba sai mu mayar da shi kawai ba?

Mayar da bakof, wato kwafin ko-ta-kwana, ita ce hanya mafi tsafta, ta fi duk wani gyara da za a ambata a ƙasa. Sharaɗi biyu ne. Na farko, a mayar da shi a sabon faifai ko wata kwamfuta, kada a ɗora shi a kan lalataccen rumbun, domin a cikin lalataccen ne aikin wannan makon yake. Na biyu, a nemi kundin ma'amaloli. A SQL Server, idan rumbun yana kan cikakken tsarin farfaɗowa kuma fayil ɗin ldf, inda kundin yake, ya tsira, ana iya ɗaukar wutsiyar kundin a ɗora ta a kan bakof, a iso har dab da lokacin da abin ya faru. MySQL yana da binlog, wanda yake kunne kai tsaye tun daga siga ta 8.0, PostgreSQL kuma yana da WAL idan an saita adana shi.

A gwada bakof ɗin kafin a saki jiki, domin faifai yakan jima yana ruɓewa a ɓoye, kuma mai yiwuwa ɓarnar ta riga ta shiga kwafin. Ko manyan kamfanoni ba su tsira daga wannan ba. A ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin manhaja na GitLab ya share bayanan babban rumbunsu na PostgreSQL bisa kuskure, da aka waiwayi hanyoyin bakof sai aka tarar ba sa aiki yadda aka zata, ciki har da pg_dump, wato abin fitar da kwafin rumbun, da ya jima yana faɗuwa shiru saboda saɓanin siga. Wani kwafi da aka ɗauka kimanin sa'o'i shida kafin lamarin ne ya cece su, aikin waɗannan sa'o'in kuma ya tafi.

XAMPP, ƙunshin manhajojin da rumbunmu yake gudana a ciki, yana cewa MySQL ya mutu ba zato. Na karanta cewa a share ibdata1. In share?

Kada ka share. Wannan shawara ta yaɗu ƙwarai, kuma takan sa injin ya tashi, amma a MariaDB, wanda shi ne ainihin abin da ke cikin XAMPP na yanzu, da kuma MySQL kafin 8.0, fayil ɗin ibdata1 ne yake riƙe da taswirar teburan InnoDB. Idan ya tafi, za ka ga sunayen teburanka a jere, ka danna ɗaya a ce maka babu shi. Ka fara kwafe foldar data ɗungurungum alhali injin yana kashe, sannan ka buɗe mysql_error.log ka karanta layukan ƙarshe, a nan zai faɗi fayil da shafin da ya tuntuɓe a kai.

Hanyar da aka tanada ita ce innodb_force_recovery, wadda ake rubutawa a fayil ɗin my.ini ƙarƙashin sashen mysqld. Tana da matakai daga 1 zuwa 6. Ana farawa da 1, idan injin ya ƙi tashi a koma 2, sannan 3. Daga 4 zuwa sama, littafin jagorar MySQL da kansa ya yi gargaɗin cewa ana iya lalata fayilolin har abada, shi ya sa ake yin wannan a kan kwafi kawai. Da zarar injin ya tashi, ba aiki za a ci gaba da yi a kansa ba: a fitar da komai da mysqldump, tebur bayan tebur, domin wanda ya lalace kada ya hana sauran fita, sannan a kafa sabon rumbu a sabon faifai a zuba su. Idan wani tebur yana kashe injin a tsakiyar karatu, a karanto shi daga farko har inda ya tsaya, sannan a sake karantowa daga ƙarshe zuwa baya bisa lambar layi. Abin da ya rage a tsakiya shi ne asarar. Tsofaffin teburan MyISAM, masu fayilolin MYD da MYI, nasu ya fi sauƙi, REPAIR TABLE ko myisamchk sukan wadatar.

Fayilolin ibd kaɗai suka tsira. Akwai sauran fata?

Akwai. Tun daga MySQL 5.6 kowane tebur yana da nasa fayil ɗin ibd. Ana kafa sabar MySQL, wato injin rumbun, mai siga iri ɗaya da ta da, a ƙirƙiri teburin da ainihin fasalinsa, a ba da umarnin DISCARD TABLESPACE, a ajiye tsohon fayil ɗin a gurbin, sannan a ba da IMPORT TABLESPACE. Wahalar tana wajen sanin fasalin teburin daidai. Ana samunsa daga tsohon bakof ko da ya shekara, ko daga wanda ya rubuta manhajar, ko daga fayilolin frm, a siga ta 8.0 kuma da ibd2sdi, tun da a can bayanin fasalin yana cikin ibd ɗin kansa.

SQL Server ya sa wa rumbunmu alamar SUSPECT. Me zan yi?

Da farko kada ka cire rumbun daga sabar da niyyar sake maƙala shi, domin lalataccen rumbu yakan ƙi maƙaluwa. Ka duba kundin kurakurai: lamba 823 tana nufin Windows ya kasa karanto shafin daga faifai, 824 tana nufin an karanto amma abin da ke ciki bai yi daidai da lambar tantancewarsa ba, 825 kuma gargaɗi ce cewa sai da aka maimaita kafin a samu, wadda sau da yawa takan riga sauran bayyana ba wanda ya kula. Idan akwai bakof mai kyau, koma amsar da ta gabata kan bakof. SQL Server yana ma iya mayar da shafi ɗaya tak maimakon rumbun duka.

Idan babu, sai a sa rumbun a yanayin EMERGENCY, a gudanar da DBCC CHECKDB a ga girman ɓarnar, a kwashe duk abin da yake karantuwa zuwa sabon rumbu. Zaɓin REPAIR_ALLOW_DATA_LOSS shi ne na ƙarshe, kuma sunansa bai ɓoye komai ba: yana gyara ne ta hanyar zubar da shafin da ya lalace, ba ya kuma damuwa da alaƙar da ke tsakanin tebura, don haka bayansa dole a gudanar da DBCC CHECKCONSTRAINTS. Masu amfani da sigar Express ta kyauta, wadda ƙananan manhajojin kasuwanci da yawa suke zuwa da ita, su sani cewa ba ta da SQL Server Agent, saboda haka sau da yawa babu wani bakof da yake gudana da kansa sai idan wani ya tsara shi ta wata hanya.

PostgreSQL fa?

Saƙon da aka fi gani shi ne wanda yake cewa an samu shafi mara inganci a wani bulo na wani tebur. A tsayar da injin, a kwafe foldar bayanai duka. Idan abin da ya lalace fihirisa ce, REINDEX ya isa. Idan tebur ne, akwai zero_damaged_pages, wanda yake ɗaukar lalataccen shafin a matsayin fanko domin a samu wucewa, tare da asarar duk layukan da ke cikinsa. Shi kuwa pg_resetwal, wanda kafin siga ta 10 ake kira pg_resetxlog, yana tilasta wa injin tashi ta hanyar watsar da kundin ma'amaloli, kuma rumbun da aka tayar ta haka ba a ci gaba da zama a cikinsa: a fitar da bayanai da pg_dump, a kafa sabo.

Namu ƙaramin fayil ne na SQLite ko Access. Shin hanyar ɗaya ce?

Tushen ɗaya ne. A SQLite, a kwafi fayil ɗin tare da abokansa masu ƙarewa da wal ko journal, domin raba su kansa yana jawo asara. PRAGMA integrity_check zai nuna ɓarnar, umarnin .recover kuma, wanda aka ƙara a siga ta 3.29 a shekarar 2019, yana tsinto duk layin da zai iya, ya zuba waɗanda bai san gidansu ba a wani tebur mai suna lost_and_found. A Access akwai Compact and Repair, amma yana rubutu a kan fayil ɗin, don haka a gwada shi a kan kwafi. Idan ya gaza, a buɗe sabon fayil a jawo teburan ɗaya bayan ɗaya.

Sabarmu tana da RAID, wata kuma SSD ce. Akwai bambanci?

RAID 5, ɗaya daga tsarin haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar guda, yana jure mutuwar faifai ɗaya ne kawai, kuma sake gina shi yana tilasta karanta kowane gurbi na sauran, waɗanda galibi rana ɗaya aka saye su, tare suka tsufa. A ɗauki bakof kafin a fara ginin, a kuma rubuta lambar ramin kowane faifai kafin a zare shi. SSD, wato ma'aji marar faranti da allura, ba ya ƙara, yakan ɓace ne farat ɗaya ko ya koma karatu kawai, kuma abin da aka share a kansa da wuya ya dawo saboda tsarin TRIM da yake goge gurabun da aka saki.

Rumbun ya buɗe. Ta yaya zan tabbatar bayanan daidai suke?

Buɗewa ba shaida ba ce. Duk kayan gyaran da aka ambata a sama burinsu shi ne rumbun ya daidaita da kansa, ba ya daidaita da abin da ya faru a shago ko a aji ba. Gwajin injin, irin su CHECK TABLE ko DBCC CHECKDB ko pg_amcheck, shi ne matakin farko kawai. Bayansa a ƙirga layukan kowane tebur a kwatanta da tsohon bakof, a nemi giɓi a jerin lambobin rasit, a nemi marayun layuka, kamar biyan kuɗin da babu ɗalibin da yake nuni gare shi, ko cinikin da babu kayan da aka sayar a ƙarƙashinsa.

Daga nan aikin ya bar hannun mai kwamfuta ya koma hannun akawu. A shagon maganin da na ambata, injin ya ce komai lafiya, amma da mai kula da kuɗi ta ɗauko damin rasit na takarda da saƙonnin banki ta bi su rana bayan rana, sai ta gano cinikin wasu kwanaki na watan da ya gabata babu shi sam, daidai inda ramin sifilin nan ya faɗa. Da hannu aka sake shigar da su. A rubuta abin da aka tabbatar ya ɓace da kwanakinsa, a ba shugaban wurin a rubuce, domin wata rana wani zai zo da rasit ɗin da rumbun bai san da shi ba.

Me za a yi da tsohon faifan, kuma akwai wanda ya wajaba a sanar?

A ajiye shi a cikin ledar kariya daga lantarki, a rubuta kwanan wata a jikinsa, kada a mayar da shi bakin aiki ko da ya yi kamar ya warke. A riƙe shi tare da kwafin ddrescue na farko har sai an rufe lissafin wata ɗaya ko biyu ba a ga wani sabon giɓi ba. Idan lokacin rabuwa da shi ya yi, a huda farantan ko a farfasa su, domin faifan da ya gagare ka karantawa ba lalle ne ya gagari wani ba.

Idan rumbun yana ɗauke da bayanan mutane, kamar na marasa lafiya ko ɗalibai ko abokan ciniki, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta lissafa ɓacewar bayanai bisa haɗari a cikin abin da ake ɗauka keta tsaro, ta kuma buƙaci a sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya cikin sa'o'i 72 idan lamarin yana iya cutar da masu bayanan. Wannan ne ma dalilin da ya sa, kafin a miƙa faifan ga mai ceto na waje, ake rubuta yarjejeniyar riƙe sirri da shi, a kuma nemi ya share kwafin da ke hannunsa bayan an karɓi aikin.